Kwana Tara da Na Faɗa

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Saura santimita 128 kogi shi kai kan madatsar ƙasa da ke kare fadamar Garou. Na karanta sandar awo ta gindin gada da idona. Ruwan jawur shike, kamar an dama jar ƙasa.

Wanga littafi na awo ne. Malamina, Farfesa Ibrahim Khalil, ya ce kowace safiya in rubuta tsawon ruwa da abin da ordinater, wato kwamfuta, ta ba ni, in kai mishi Kutonu ƙarshen Satumba. Lambobin zan juya mishi da faransanci. Sauran nawa ne.

Shekara uku ina lissafin kogin ga daga nesa, yau ga ni bakinshi. Inna ta ce, "Rahina, duk karatun ga na ruwan da kinka yi wanka ciki ne?" Na ce e. Ta ce Allah shi yi albarka, ta ci gaba da tsintar albasarta.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Saura 112.

Kasuwa ta ci yau. Zahiru, ɗan Kawu Na-Allah, ya zo daga tunga, ƙauyensu na cikin fadama, sayen man injin ban ruwa, ya biyo gida gaida Inna. Taubashina ne, tun muna yara ba ya barina in sha ruwa lafiya. Ya iske ni gaban ordinater ya ce, "Malamar ruwa, ina kogin? Nan ciki kinka ɗura shi?"

Na yi mishi bayani iyakar iyawata. Na ce na yanka kogi da fadamarshi fegi-fegi har dubu goma sha biyu. Cikin kowane fegi ina neman abu biyu, zurfin ruwa da gudunshi. Matsalar ita ce zurfi ke sa gudu, gudu kuma ke sa zurfi, ba ka iya kama ɗaya sai ka san ɗayan. Saboda haka lissafin Saint-Venant ba a warware shi kai tsaye. Sai dai ka yi hasashe, ka saka, ka ga kuskuren da ya saura, ka gyara hasashen, ka sake sakawa. Kowane zagaye saura tana raguwa. In ta yi ƙanƙanta har ta faɗi ƙasan iyakar da ka ɗiba, sai a ce lissafi ya zauna. Dabarar Newton ke nan.

Ya ce, "To ai daidaita fegi ne. Ka sako ruwa ka ga inda ya kwanta, ka kankare tudu, ka sake sakowa. Don wanga anka kai ki Kutonu? Da kin zo tunga na koya miki kyauta."

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ya ce shinkafarsu mai saurin nuna ta fara ja, bana babu kamarta. Ya ce Jannatu matarshi tana gaishe ni, in zo in ci tuwon sabuwa.

Lahadi, 25 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Saura 87.

Lissafi ya ƙi zama. Muddin ruwa na cikin kwarin kogi, zagaye biyar ko shida ya isa. Amma da zaran ya fara malala kan busasshiyar ƙasa, inda zurfi bai kai kaurin farce ba, sai abin shi haukace, don akwai wurin da ake rabawa da zurfi. Ga saura yadda take fita: 0,8 sai 0,3 sai 0,09 sai 0,2 sai 0,09 sai 0,2, haka har zagaye na hamsin, ordinater ta rubuta da jan baƙi cewa ta kasa. Iyakar da na ɗiba ɗaya cikin miliyan ce. Ko kusa ba mu yi ba.

An ɗauke wuta sau biyu. Na sake daga farko sau biyu.

Litinin, 26 ga Agusta, azahar

Saura 79. Bai zauna ba.

Talata, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Saura 70.

Alhaji Salifu, shugaban kwamitin ambaliya na gari, ya zo gida da kanshi. Aminin marigayi Baba ne, shi ya yanka ragon sunana. Ya gaisa da Inna, sannan ya juyo.

"Ɗiyata, an ce kina da na'ura mai sanin ranar da ruwa za shi hau."

Na ce, "Baba, ba ta gama ba tukuna."

Ya ce, "Gobe akwai taro. Mutanen fadama na jiran magana guda. In ruwa za shi zo cikin mako, su yanke shinkafa ɗanya su yi asarar rabi. In za shi ba su kwana takwas ko tara, su bari ta nuna. Shekara biyu ke nan ba su ci kirki ba. Mu ba mu da wanda ya yi karatun ga sai ke."

Inna tana bakin ƙofa, fuskarta kamar an kunna fitila. Tun rasuwar Baba ban ga ta tsaya haka ba.

Na ce zan zo.

Na ɗauki waya in kira Farfesa, na ajiye. Na san abin da za shi ce.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Saura 62. Ya zauna. Na sa shi ya zauna.

Laraba, bayan azahar

Mutum ya fi arba'in cikin zauren taro. Kawu Na-Allah na gaba, shi ne shugaban manoman fadama. Na nuna musu taswira, shuɗi yana cin kore rana bayan rana. Alhaji Salifu yana juya maganata da yaren Dendi don waɗanda ba su ji da kyau ba. Wani tsoho ya ce a bar zane, a faɗi kwana nawa.

Na ce, "Kwana tara."

Kawu ya ce, "Kin tabbata, Rahi?"

Na ce, "Haka lissafi ya nuna."

Anka yi kabbara. Anka tsaida magana: a bar shinkafa har Talata mai zuwa, a yi gayya a yanke cikin kwana biyu, a kwashe injuna da mutane ranar Alhamis. Da na fito wata mata ta kama hannuna ta shafa a fuskarta.

Ban ci abinci ba. Na ce wa Inna zafi ne.

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Saura 54. Lissafi ya ce 55. Santimita ɗaya ba komi ba ne.

Jumma'a, 30 ga Agusta, bayan masallaci

Saura 45. Lissafi ya ce 49.

Zahiru ya leƙo a tsaye, babur ɗinshi ko kashewa bai yi ba. Ya ce, "Malamar ruwa, da gobe munka so fara yanka, amma tunda kin ce tara mun bar ta ta ƙara ƙiba. In ta yi kyau buhu guda naki ne. In ruwa ya ci, ke za mu dafa."

Na ce, "Zahiru."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce shi gaida Jannatu.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Saura 35. Lissafi ya ce 42.

Ko da hannu na yi, santi goma kowace rana, akwai kwana uku da rabi. Har Talata ko Laraba. Litinin da safe zan tafi wurin Alhaji Salifu in ce a gaggauta. Akwai lokaci.

Na kira Zahiru sau ɗaya, ba ta shiga ba. Tunga ba kullum ake samun layi ba. Akwai lokaci.

Lahadi, 1 ga Satumba, magariba

Ruwa ya shiga fadama bayan la'asar.

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

An kwaso mutanen tunga da jiragen ruwa, an sauke su makarantar Garou, kan tudu. Mata da yara duk sun fito. Shanu sun fito. Inna ta tafi can tun asuba da tukwane bisa kabu-kabu biyu.

Mutum ɗaya ba a gani ba.

Ban tafi gada ba yau.

Talata, 3 ga Satumba, azahar

Masunta na nema har wajen Madécali.

Na wanke tufafin Inna duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan la'asar

An same shi da hantsi, cikin ciyawa, ƙasa da tunga kaɗan. An rufe shi kafin azahar.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na tafi Garou. Dole in rubuta sunan ko sau ɗaya: Zahiru ya rasu. Allah shi jiƙan shi.

Ɗan'auta, abokin nomanshi, shi ya ba da labari gaban masu gaisuwa. Ya ce madatsa ta ɓalle wuri guda, ruwa ya shigo da ƙara kamar babbar mota. Su biyu sunka yi ta jigilar mata da yara har sawu huɗu. Da kowa ya hau tudu sai Zahiru ya ce injunan ban ruwa biyu na ƙungiya na can, in sun nutse rani ma babu noma. Sunka koma. Sun ɗora guda, igiyar ruwa ta bugi jirgin ta kifar. Ɗan'auta ya kama reshen giginya da ta faɗi. Ya ce, "Na ga hularshi. Hular kawai."

Kawu na zaune bisa tabarma, carbi a hannu, kowa ya zo sai shi ce, "Haƙuri ya zama dole." Da na durƙusa gabanshi ya ɗora hannu bisa kaina, ya ce, "Kin zo, Rahi." 

Babu wanda ya ce tara. Tun daga ƙofar makaranta har ajin da mata suke, babu bakin da ya faɗi kalmar. Da sun faɗa da ya fi mini sauƙi.

Jannatu na kusurwar aji, ƙarƙashin allo, lulluɓe da zane. Na yi mata gaisuwa. Ta dubi ƙafafuna kawai.

Gobe ne kwana taran ke cika.

Jumma'a, 6 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Zan rubuta abin da na yi ranar Laraba waccan, don tun ranar nike kewaya shi.

Lissafi bai zauna ba. Ni na ɗaga iyaka. Na shiga cikin tsarin na goge ɗaya cikin miliyan, na rubuta rabi. Saura tana lilo tsakanin 0,09 da 0,2, duk ƙasa da rabi ne, sai ordinater ta karɓa, jan baƙi ya koma kore. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Na ce wa kaina bambancin ba za shi yi yawa ba. Akwai gwajin da ake yi a ƙarshe, a auna ruwan da ya shiga da wanda ya fita da wanda ya zauna, a ga ko sun yi daidai. Ɗalibin shekarar farko ya san shi. Ban yi ba, don ba na son in gani.

Yau na yi. Kashi ɗaya cikin goma sha biyu na ruwan ya ɓace cikin lissafin. Bai fita ta ko'ina ba, kuskure ya shanye shi. Cikin ordinater kogin ya fi na gaskiya rama.

Asabar, 7 ga Satumba, azahar

Na kira Farfesa na faɗa mishi duka. 

Ya ce, "Mi ya hana ki kira ni?"

Na ce, "Da kun ce in ce musu ban sani ba."

Ya ce, "E. Haka zan ce."

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce ba komi ba. Ya ce zancen digiri mu bar shi sai na dawo. Ya ce Latifa, tsohuwar ɗalibarshi da ke Yamai, ta aiko mishi awo: an yi ruwa mai yawa can sama, wani tudun ruwa na biyu na tafe, za shi iso mu cikin kwana takwas zuwa goma. Ya ce, "Ko ki rufe ordinater ki zauna makoki, babu mai ganin laifinki. Ko ki gyara. In za ki gyara, ɗauko alƙalami."

Na ɗauko. Abu uku. In fara kowane taki da dabarar Picard, mai tafiyar kunkuru amma ba ta tsalle, sai an matso kusa in miƙa wa Newton. In Newton ya ba da gyara kada in ɗauka duka, in gwada rabi, in saura ba ta ragu ba in gwada rubu'i. Sannan in rage takin lokaci daga daƙiƙa sittin zuwa biyar duk inda ruwa ke taɓa busasshiyar ƙasa. Ya ce, "Za shi ci miki yini guda maimakon awa guda. Ki maida iyaka inda take, kada ki sake taɓa ta."

Lahadi, 8 ga Satumba, la'asar

Sadakar bakwai. Inna ta tafi. Na ce mata kaina ke ciwo, ta dube ni ta fita.

Na aro batirin mota wurin maƙwabci saboda ɗaukewar wuta. Ordinater tana tafiya.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Awa goma sha ɗaya. Ya zauna da gaske: 0,8 sai 0,4 sai 0,1 sai 0,006, sannan ya faɗi ƙasan iyaka kamar dutse cikin rijiya. Ruwan da ya shiga da wanda ya fita sun yi daidai.

Na saka awon ranar 28 ga Agusta, na tambaye shi abin da anka tambaye ni. Ya ce kwana shida.

Shida, ba tara ba. Da na ce shida, da Asabar sunka fara yanka, kamar yadda sunka so tun farko, da injuna sun hau tudu kafin Lahadi.

Amma ruwa kwana huɗu ya yi, ba shida ba. Ranar Lahadi da safe saura 24 ne bisa sandar gada. Ban gane inda kwana biyun sunka tafi ba.

Talata, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Na iske Kawu shi kaɗai gindin mangwaron makaranta. Na zauna ƙasa, na ce ina da magana. Na faɗa mishi da Hausa mafi sauƙi: na'ura ta ce ba ta sani ba, ni na tilasta mata ta ba da amsa, amsar kuwa ƙarya ce. Na ce tun Jumma'a na ga ruwa ya wuce lissafi, Zahiru na tsaye gabana, ban faɗa ba.

Carbin ya tsaya a hannunshi. Ya daɗe shina kallon fadama, wadda yanzu ba ta da bambanci da kogi.

Ya ce, "Da na tambaye ki kin tabbata, mi kinka ce?"

Na ce, "Na ce haka lissafi ya nuna."

Ya ce, "Na ji ba ki ce e ba. Na ji da kunnena. Amma ina son tara, sai na karɓa."

Na ce, "Kawu, laifina ne."

Ya ce, "Naki na nan, ba ni ɗauke miki shi. Amma tsaya ki ji nawa." Ya ce rani da ya wuce sun fasa kan madatsa sun binne bututun injin, don ya fi kusa da a kewaya. Shi ya ba da izini. Sun maida ƙasa da shebur, ba su daɓe ba, damina ta zo wurin ya lotsa. Ya nuna da hannu, taƙi guda da 'yan yatsu. "Nan ta ɓalle. Kullum ina bi ta wurin ina cewa gobe a cika."

Taƙi guda da 'yan yatsu. Wajen santimita 25.

Munka zauna har ladan ya kira la'asar. Da za shi tashi ya ce, "An ce wani ruwan na tafe."

Na ce e.

Ya ce, "Tungar Ɗan'inna na ƙasa, bayan ƙaramar madatsa, gida arba'in da ɗaya. Su ma sun binne bututu. Na san wuraren."

Laraba, 11 ga Satumba, magariba

Tun hantsi muna bisa ƙaramar madatsa, ni da Kawu da Ɗan'auta, da igiyar awo da tiyon ruwa na magina don ganin daidaito. Kilomita uku da rabi a ƙafa. Kawu na gaba da sanda, duk inda ya tsaya ya caka ƙasa sai mu auna. Wuri bakwai. Mafi muni ya lotsa da santimita 31. Taswirar da nike aiki da ita shekara uku ta nuna madatsar a miƙe kamar an ja da zare.

Kafin in fara sabon lissafin, na koma kan na ranar 28 na rage 25 a wurin bututun Kawu.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Kwana huɗu. Lahadi, tsakanin azahar da magariba.

Daidai lokacin da ruwan ya shiga ke nan.

Jumma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na gudanar da na Tungar Ɗan'inna sau uku, don ban san kaurin ciyawar fadamarsu ba, ita kuwa tana riƙe ruwa. Farfesa ya gudanar da biyu can Kutonu ya aiko. Duk biyar sun zauna. Mafi gaggawa ya ce kwana biyu daga gobe, mafi jinkiri ya ce biyar.

Na faɗa wa Inna komi yau. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Zahiru ɗan wanta ne, ita ta goya shi shekarar da uwarshi ta yi ciwo. Da la'asar ta fito ta ajiye mini kwanon fura, ba ta dube ni ba, ta ce, "Sha. Gobe kina da tsayuwa."

Asabar, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Zauren ya fi cika yau. Da Alhaji Salifu ya kira sunana sai gunaguni ya tashi. Wani daga baya ya ce da ƙarfi, "Wagga ce ta ce tara."

Na ce, "Ni ce." Na faɗi duka, yadda na faɗa wa Kawu. Alhaji Salifu ya tsaya da juyawa a tsakiya, ya dube ni, na ce, "Baba, ku juya musu yadda na faɗa." Ya juya.

Mai garin Tungar Ɗan'inna ya ce, "To yanzu mi za shi sa mu yarda da ke?"

Na ce kada su yarda da ni, su tafi su dubi wurare bakwai da munka kafa wa tsumma ja. Na ce daga kwana biyu zuwa biyar ruwa za shi bi ta ɗayansu.

Alhaji ya ce, "Ɗiyata, biyu ko biyar? Mutane na son magana guda."

Na ce, "Ba ni da guda, Baba. Ban san wanne ba. Ku ɗauki biyu."

Anka yi ta hayaniya. Wasu na cewa masararsu saura mako, wasu na cewa gobe daren Mauludi ne, ina za su da yara. Sai Kawu ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na jira shinkafa ta nuna. Ku zo ku ga abin da na girba." Ya zauna.

Za su fara kwasa gobe da asuba.

Litinin, 16 ga Satumba, azahar

Gida talatin da takwas sun hau tudu. Uku sun ƙi. Ɗan'auta ya ɗaure jirgi ƙofar gidajensu ya zauna ciki, ya ce shi ba ya gardama da kowa, jira kawai shike.

Kwana biyu sun cika, ruwa bai hau ba. Na ji ana cewa a kasuwa yarinyar ta sake. Na roƙi Allah shi sa in zama abin dariya.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa ya bi ta wuri na biyar da hantsi. Gidajen ukun sun fito cikin jirgin Ɗan'auta. An ƙirga mutane sau biyu a makaranta. Sun cika.

Masara ta tafi.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Ruwa ya tsaya tun jiya, yau ya sauka santi biyu.

Na kai wa Inna itace makarantar Garou. Zan fita sai wata tsohuwa ta ce Jannatu na kirana. Tun rasuwar ba ta yi mini magana ba.

Tana nan kusurwarta. Na zauna nesa kaɗan. Ta ce, "An faɗa mini abin da kinka ce a taro."

Na ce e.

Ta ce, "Da kin ce shida, da shina nan?"

Na so in kawo zancen bututu. Na so in ce rai na hannun Allah, kuma gaskiya ne. Na ce, "Ina jin da shina nan."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta bar ni har na gama. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga fuskar roƙo ba tukuna.

Can sai ta ce, "Tsofaffin ga kowa da abin da take faɗa mini, kaina ya ruɗe. Ke kin iya lissafi. Yaushe nike fita takaba?"

Na ajiye waya gefe, na ƙirga da yatsu a gabanta. Ya rasu ashirin da bakwai ga Safar. Wata huɗu da kwana goma. Na ƙirga na sake, na sake.

Na ce, "Cikin watan azumin tsofaffi. Bakwai ga wata ko takwas, ya danganta da ganin wata. Ba ni iya tabbatar miki guda daga nan."

Ta ce, "To in sun matso ki zo ki faɗa mini."

Na ce zan zo.

Ta ja zanenta ta rufe fuska. Na zauna wurin har anka kira magariba.